Wa Ya Yi Aikin? Kasafin Kuɗi da Bakin Ɗan Siyasa

Kasafin kuɗi takarda ce da gwamnati ke rubuta abin da take sa ran samu a cikin shekara da inda take niyyar kashe shi. Sashe na 81 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya wajabta wa shugaban ƙasa ya kai wannan ƙiyasi gaban majalisar tarayya, sashe na 121 kuma ya ɗora wa gwamna irin wannan nauyi a gaban majalisar jiharsa. Majalisa ta duba, ta rage ko ta ƙara, a mayar a sa hannu, ya zama doka. Abin da dokar ta bayar izinin taɓa baitulmali ne kawai. Ranar da aka sa hannu babu bulo ɗaya da ya hau kan ɗan'uwansa, kuma yawancin kuɗin da aka lissafa ba su ma shigo ba tukuna. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mutumin Rimin Gado, da ke da tafiyar kimanin kilomita 20 kafin ya kai Kano, ya san haka da ƙafarsa.

Daga sa hannu zuwa ranar da jama'a za su amfana akwai zango da yawa. Da farko an ware kuɗi a takarda. Sai ma'aikata ta nemi izinin kashewa, sai ofishin babban akanta ya saki abin da ya samu, wanda sau da yawa bai kai abin da aka ware ba. Sai a ba da kwangila, a biya kafin alƙalami, injiniya ya duba, a biya saura. In gini ya tsaya, da sauran aiki: aji yana son malami, ɗakin shan magani yana son ma'aikaci da magani, rijiyar burtsatse tana son mai gyara ranar da kan famfo ya lalace. Wannan doguwar hanya a cikin ofisoshi take, talaka ba ya ganinta. Farkonta yake ji a rediyo, ƙarshenta yake gani a ƙauyensu in Allah ya sa an kai ƙarshen. Duk tazarar da ke tsakani baki ne ke cika ta, shi ya sa wanda ya iya magana yake tashi da ladan aikin da hannu goma suka yi.

Kuɗin kansu daga ina suke? Mafi yawan abin da jihohin Arewa da ƙananan hukumominsu ke kashewa daga asusun tarayya yake fitowa, inda ake tara kuɗin man fetur da harajin kamfanoni da na kwastan. Kowane wata ana zama a Abuja a raba. Bayan an cire kashi 13 cikin ɗari na jihohi masu arzikin mai daga kuɗin ma'adinai, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba kashi 20.60. Rimin Gado ɗaya ce daga cikin 44 na Jihar Kano, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum dubu ɗari da 'yan kai. Rabonta yana zuwa ne bisa doka, ko wane ne ke kan kujera, ko wace jam'iyya ya fito.

A ɗauki ginin azuzuwa biyu a wata firamare ta wannan ƙaramar hukuma, a ce a Gulu ko Jili ko Butu-Butu. An shafe shi da fenti, a gefen hanya an kafa allon ƙarfe. Allon yana ɗauke da sunan hukumar da ta ba da kwangila, da sunan kamfani, da sunan ɗan siyasar da aka ce shi ya jawo aikin, wani lokaci har da hotonsa da hula ta zauna daidai. Adadin kuɗin da ranar da ya kamata a gama ba kasafai suke samun wuri a allon ba. In aka bi diddigi, za a iya tarar da cewa rabin kuɗin daga hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya ya fito, wadda dokar 2004 ta keɓe wa kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, rabi kuma jiha ta zuba domin sai ta ajiye nata kafin a sakar mata. Filin, wani dattijo ne ya yanka daga gonarsa, a yankin da ƙasar noma ta yi tsada ƙwarai saboda cunkoson jama'a. Albashin malamin da zai shiga ajin daga rabon ƙaramar hukuma ake cirewa. Ranar buɗewa mutum ɗaya ake miƙa wa lasifika, shi ake yi wa kirari, kuma shekara goma bayan haka yaran garin za su riƙa kiran ginin da sunansa. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Ba haka manomin ƙasar Kano ya taso yana kallon dukiyar hukuma ba. A zamanin En'e, ya san baitulmali da guminsa aka cika shi, domin shi da kansa yake ƙirga kuɗin haraji ya miƙa wa mai unguwa, mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi. Mai shanu ya san jangali. Wanda bai biya ba ya san abin da ke biyo baya, har wasu kan bar gari a lokacin karɓa. Da irin wannan kuɗi En'e ta Kano ta yi aikin ruwan famfo da lantarki na birni da aka buɗe a 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Daga baya hukumar cinikin amfanin gona ta riƙa sayen gyaɗa da auduga a farashin da ke ƙasa da na kasuwar duniya, rarar kuma ta shiga ayyukan gwamnatin Jihar Arewa. Ana yabon Sardauna Ahmadu Bello da makarantu da masana'antu da jami'ar Zariya ta 1962, kuma ya cancanci yabon hangen nesa. Amma wani babban kaso na kuɗin daga gonakin irin su Rimin Gado da Tofa da Kabo ya fito, buhu-buhu, ya zama dalar gyaɗa a Kano kafin jirgin ƙasa ya kwashe.

A kan wannan sani ne siyasar NEPU ta ginu tun kafa ta ranar 8 ga Agusta 1950. Malam Aminu Kano da abokansa ba su da kwangilar da za su raba, ba su da mota ko babur na kyauta. Baki ne jarinsu. Sukan tsaya a kasuwa ko a gindin bishiya su tambayi mutane abin da suka biya bana da abin da aka yi musu da shi. Malam yana da sauƙin harshe, yana kawo misali daga gona da zaure da kotun alƙali, yana kafa hujja da addini a gaban masu cewa ja da sarauta saɓo ne. Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin suka yi irin wannan aiki da rubutacciyar waƙa. An ɗaure 'yan NEPU, an yi musu bulala, an hana su wurin taro, wanda ya isa shaida cewa masu mulki sun san abin da magana ke iya yi. Abin lura a nan shi ne inda maganar ta dosa: tana koya wa talaka cewa kuɗin nasa ne, mai riƙe da su wakili ne, kuma tambaya haƙƙinsa ce.

Zancen ya kai ga biyan buƙata a 1979, lokacin da gwamnatocin PRP, ta Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da ta Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali. Rimi mai baki ne na gaske, murya a sama, zance a jere, ba ya neman kalma, kuma har ya rasu a 2010 yana ambaton wannan mataki a cikin abin da yake taƙama da shi. Yana da gaskiyarsa. Wannan ba gini ba ne da wani ya fara wani ya ƙarasa. Shawara ce da aka yi alkawarinta, aka zartar, kowane magidanci kuma ya ji sauƙinta a aljihunsa. Sai dai tarihi yana da ƙarin bayani. A lokacin, kuɗin man fetur da ke zuwa daga Legas sun riga sun shanye abin da haraji ke kawowa, don haka jiha na iya yafe shi ba tare da ta durƙushe ba. Da a ce a 1959 ne, da wuya wata gwamnati ta iya.

Sokewar ta zo da wani sakamako da ba a yi niyya ba. Da talaka ya daina miƙa kuɗi hannu da hannu, sai igiyar da ke haɗa shi da baitulmali ta ɓace masa. Har yau yana biya. Yana biya a harajin kayan masarufi da aka ɗaga daga kashi 5 zuwa 7.5 a 2020, duk sanda ya sa katin waya. Yana biyan kuɗin rumfa da na kara a kasuwa, yana biya a farashin mai da taki. Man da ke ƙarƙashin ƙasa kuma tsarin mulki ya ce na tarayya ne, wato na kowa. Amma tunda babu rasit a hannunsa, sai kuɗin gwamnati suka zama kamar ruwan sama da ke sauka daga Abuja, wanda ya tara kwano kuma ya zama mai kyauta. Daga nan kalmomin siyasa suka sauya. Aka koma cewa wane ya kawo mana, ya ba mu, ya share mana hawaye, ya gwangwaje mu, ya ɗanɗana mana romon dimokuraɗiyya. Duk kalmomin kyauta ne, kuma tarbiyyar Bahaushe ta hana a tambayi mai kyauta nawa ya kashe ko me ya rage.

Nahawun Hausa ma yana taimaka wa mai son kwasar lada. In abu ya yi kyau sai a ji "na gina", "mun samar", "gwamnatina ta kashe". In ya lalace sai a koma ga wakilin sunan nan da ba shi da fuska: "ba a saki kuɗin ba", "an samu tsaiko", "an bar mana bashi". Wani lokaci aikin da kansa ake ɗora wa laifi, a ce ya tsaya. Haka kuma ana cakuɗa kalmomi huɗu masu nisa da juna, wato ware da saki da kashe da kammala. Mai jawabi zai ce an ware biliyan kaza domin ruwan sha, ya ɗan dakata, taro ya ɗauki tafi, mai sauraro ya koma gida da tunanin an kashe. Ba a yi masa ƙarya ba, an dai bar shi ya ƙarasa zancen da kansa. Malaman balaga sun daɗe da sanin cewa wani zancen yana aiki a zuciya kamar sihiri, kuma irin wannan ya fi ƙarya tsagwaronta wuyar kamawa.

Girman adadi shi ma makami ne. Kasafin Jihar Kano na 2023, na ƙarshe a mulkin Abdullahi Umar Ganduje, ya kai kimanin naira biliyan 268. Na 2024, na farko da Abba Kabir Yusuf ya tsara, ya kai biliyan 437, na 2025 kuma biliyan 719. A kunne, wannan kusan ninki uku ne cikin shekara biyu, kuma kusan kowace jiha ta ga irin wannan tashi, kowane gwamna kuma an yi masa kirarin kafa tarihi. Dalilin bai ɓuya ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta. Dala da ke wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500, don haka kowace dalar mai da ta shiga asusun tarayya ta koma naira mai yawa. In aka mayar da kasafin biyu zuwa dala, na 2023 ya haura miliyan 550, na 2025 bai kai miliyan 500 ba. Dala ba ita kaɗai ce ma'auni ba, tunda albashi da naira ake biya, amma siminti da rodi da kwalta da magani duk sun bi ta, mafi ƙarancin albashi na ƙasa ma ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024. Ƙarin da ake taƙama da shi, magidanci ne ya riga ya biya shi a gidan mai da wurin mai awo, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024.

Akwai kuma taƙama da kaso. Ana yawan jin cewa an ba ilimi fiye da kashi 26 da ake cewa UNESCO ta gindaya. Alhali mizanin da ƙasashe suka amince da shi a taron Incheon na 2015 kashi 15 zuwa 20 ne na abin da gwamnati ke kashewa. Na lafiya kashi 15 ne, bisa yarjejeniyar Abuja ta 2001, na noma kashi 10, bisa ta Maputo ta 2003. Fifita ilimi a kasafi abin yabo ne, musamman a jihar da yara da yawa ke zaune a ƙasa a cikin aji. Amma ainihin ma'auni shi ne abin da aka kashe, kuma wannan sai ƙarshen shekara ake saninsa, lokacin da hankali ya riga ya koma kan sabon kasafi.

Rigimar lada ta fi zafi a kan aikin gado. Asibitin ƙwararru na Giginyu da asibitin yara na titin gidan Zoo an fara su zamanin Malam Ibrahim Shekarau, suka yi shekaru a tsaye, gwamnatin Ganduje ta ƙarasa, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe su a Disamba 2017. Titunan kilomita biyar-biyar na hedikwatar ƙananan hukumomi an faro su a zango na biyu na Rabi'u Musa Kwankwaso, da kuɗin asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Ganduje shi ne mataimakin gwamna a lokacin, Abba Kabir Yusuf kuma kwamishinan ayyuka. Da yawa ba a gama su ba kafin 2015, suka zama abin jifan juna na tsawon shekaru, kowane ɓangare yana da nasa labarin wanda ya fara da wanda ya watsar. Mazauna garuruwan da aka rushe musu rumfuna aka yaye musu tsohuwar kwalta su ne suka sha ƙura da rani da taɓo da damina. Illar wannan gasa ita ce tana koya wa sabon gwamna cewa ƙarasa aikin wani asara ce, aza sabon harsashi kuma riba.

'Yan majalisa suna da tasu hanyar. Wani masanin siyasa na Amurka, David Mayhew, ya nuna a littafinsa na 1974 cewa ɗan majalisa mai neman komawa kujera yana tallata sunansa, yana bayyana matsayi, yana kuma danganta wa kansa duk alherin da ya sauka a mazaɓarsa. A Nijeriya wannan na uku ya samu gida a ayyukan mazaɓu, da aka daɗe ana ware wa naira biliyan 100 a shekara. A Nuwamba 2019 Buhari ya koka cewa an ware tiriliyan ɗaya cikin shekara goma ba tare da an ga tasirin da ya dace ba, a shekarar ce kuma hukumar ICPC ta fara bin ayyukan gari-gari. Majalisa ta tara ta yi alfahari da dawo da kasafi kan tsarin Janairu zuwa Disamba, kuma shugaban kwamitin kasafi na majalisar dattawa a lokacin shi ne Barau Jibrin, sanatan Kano ta Arewa, mazaɓar da Rimin Gado ke ciki. Gyara ne na gaske: kasafin 2018 sai a watan Yuni aka sa masa hannu, na 2020 kuwa tun 17 ga Disamba 2019. Fadar shugaban ƙasa da majalisa kowa ya ce ƙoƙarinsa ne, kuma a nan dukkansu suna da rabo, domin ɗaya bai isa ya yi shi kaɗai ba. Ko a Amurka, da aka samu rarar kasafi a 1998, karo na farko tun 1969, Shugaba Bill Clinton da 'yan adawar da ke riƙe da majalisa kowa ya ce shi ne, alhali bunƙasar tattalin arziki ce ta cika baitulmalin fiye da yadda kowa ya yi hasashe.

Baki yana iya juyawa ya tona. A 2016 Abdulmumin Jibrin, mai wakiltar Kiru da Bebeji, ya zargi shugabannin majalisar wakilai da cushe a kasafi bayan ya bar shugabancin kwamitin kasafinta, aka dakatar da shi kwana 180 na zaman majalisa. A Maris 2024 Sanata Abdul Ningi ya yi hira da sashen Hausa na BBC a kan kasafin shekarar, majalisar dattawa ta musanta zarginsa ta kuma dakatar da shi wata uku. Ko ma wane ne ke da gaskiya, hirar 'yan mintoci da Hausa ta sa ƙasa duka ta buɗe takardar da ba a saba buɗewa ba.

A Kano yanzu ɗan siyasa ba ya buƙatar bakin Rimi ko na Ɗanmasani Maitama Sule, domin ana hayar baki. Tun da gidajen rediyo masu zaman kansu suka bazu, daga Freedom a 2003, aka samu sojojin baka, masu shiga shirye-shiryen siyasa na dare su jero ayyukan ubangidansu su yi wa abokin hamayya gugar zana. Mawaƙa su ɗauka su sa a kiɗa, matasa su yaɗa hoton gini a Facebook da WhatsApp. Sana'ar maroƙi da sanƙira ce ta samu sabon kayan aiki, kuma tana shiga inda takarda ba ta shiga, har cikin gida wurin matan aure, har gona a rediyon da ke rataye a reshe.

Duk da haka akwai ladan da ya halatta ga shugaba. Shi ke zaɓar abin da za a fifita in kuɗi ba su isa komai ba. Shi ke iya hana kwangilar naira goma ta koma talatin, ya biya albashi da fansho a kan kari, ya ƙarasa abin da ya gada, ya ƙi cin bashin da ba zai haifar da komai ba. Waɗannan ana iya auna su, kuma kayan awon suna nan. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta buɗe ƙofa. Wani shirin Bankin Duniya da aka fara a 2018 ya sa jihohi suka saba wallafa kasafinsu da rahoton abin da aka kashe duk wata uku a intanet. Matsalar ita ce rahoton da Turanci yake, cike da lambobi, shafi ɗari da wani abu, jawabin dandali kuwa da Hausa yake, da kiɗa da kirari. Har yanzu ba a samu isassun masu fasahar baki da za su ɗauki rahoton su karanta shi a rediyo da kasuwa da zauren ƙungiyar ci gaban gari ba, layi-layi, a ce ga abin da aka ware wa rijiyar Karofin Yashi a Rimin Gado, ga abin da aka saki, sannan a je a duba.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi rabonsu kai tsaye, ya matso da wannan tambaya kusa da gida, ko da yake aiwatar da shi ya yi ta jan ƙafa. In ya tabbata, shugaban ƙaramar hukuma da kansilolinsa ba za su ƙara samun mafaka a cewa kuɗin na hannun jiha ba, gwamna kuma ba zai ƙara kafa allonsa a kan aikin da aka yi da rabon ƙaramar hukuma ba. Adadin da ya shigo kowane wata ana wallafa shi daga Abuja, kuma wanda za a tambaya yana zaune a sakatariyar Rimin Gado, inda mutumin Yalwan Ɗanziyal zai iya zuwa a kan babur ya koma gida kafin azahar.